Wa Ke Auna Mai Awo?

A watan Yuli na 2017 gwamnatin Nijar ta zaunar da dubban malaman firamare 'yan kwantaragi a kan bencin 'yan lakwal, ta ba su jarrabawar Faransanci da lissafi. Minista Daouda Mamadou Marthé ne ya tsaya kai da fata sai an yi. Sandikokin malamai, musamman haɗakar CAUSE-Niger da SYNACEB, suka kira magoya bayansu su ƙaurace. Da sakamako ya fito, kimanin ɗaya cikin uku ne kawai suka kai maki 10 cikin 20. Aka soke kwantaragin waɗanda suka fi faɗuwa, da na waɗanda suka ƙi zama.

Hujjar gwamnati ba ta rasa ƙarfi ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yaran ajin ƙarshe na firamare a Nijar, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. Uban da ya janye ɗansa daga fadamar albasa a Madawa, ya ba lakwal shi shekara shida, yana da ikon tambayar abin da aka zuba masa a kai. Sandikar da ta ce kada a auna kowa ba za ta iya duban idon wannan uba ba.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya ɗauki waɗannan malamai? Tun ƙarshen shekarun 1990, sa'ad da asusun ƙasa ya bushe, masu ba da bashi kuma suka matsa a rage kuɗin albashi, aka shiga ɗibar matasa da sunan 'yan sa-kai, daga baya aka kira su 'yan kwantaragi. Da yawansu ba su taka makarantar horon malamai ba, ko ta Kawsan da ke Tawa ko wata. Aka miƙa musu alli, aka nuna musu hanyar ƙauye. Kafin 2017 su ne mafi yawan masu tsayuwa gaban allo. Hannun da ya sa hannu a takardar ɗaukarsu shi ne ya dawo yana mamakin rauninsu.

Abin da sandikoki suka nema, in an cire zafin yajin aiki, magana ce mai ma'ana: malami a cikin ajinsa ake auna shi, sufeto da mai ba da shawara kan koyarwa su zauna su ga darasi, su gyara, su komo. Takardar yini biyu tana iya tona wanda bai iya rabawa ba. Ba ta iya nuna mushen da ke riƙe da yara a rumfar kara a bayan Buza, wadda ba a kafawa sai an girbe hatsi, ruwan farko kuma ya watse ta. Ba ta san yaron Adar da ya shigo aji ba ya jin komi sai Hausa ko Tamajak ba, ga littafi da Faransanci, ubansa kuma yana bida a Abijan ko Libiya. A irin wannan aji malami ne ya san ranar da zai ajiye tsarin ministan ya koma kan baƙaƙe, kuma wannan 'yancin ne sandikoki ke tsoron jarrabawa ɗaya ta ƙasa duka za ta ƙwace.

Sai dai awo a cikin aji yana son sufeton da zai isa ajin. Tsakanin duwatsun Kaita da kwarin Majiya akwai lakwal ɗin da ko a rani isarta aiki ne, balle kwazazzabai sun kawo ruwa. Sufeton da ba shi da mota ko mai, rahoton darakta kawai zai karanta. A nan ne ƙarfin sandikoki ya kamata ya fi taruwa, domin wanda ya ƙi mudun Yamai dole ya kawo nasa.

Yaran ma an yi ta juya musu tiya. An soke jarrabawar sartifika, wato CFEPD, aka bar wucewa kolaji ga makin da malamai ke bayarwa cikin shekara. Bayan kimanin shekara goma, a 2024, aka maido da ita. Ke nan a 2017 gwamnati tana karɓar makin malamin da ita kanta ta ce bai iya lissafin ajinsa ba.