Ra'ayi: Kafin a buɗe taro, a faɗi lokaci a tafa sau ɗaya

Watan jiya na je Kanan-Bakashe, cikin gundumar Mayahi, ɗaukar rahoton wani taro kan gyaran famfon unguwa. 'Yan garin da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya da Abijan ne suka tara kuɗin, saboda haka suka nemi a turo musu bidiyon zaman. Wani matashi ya tsaya bayan rumfa yana ɗaukar hoto da salula, ni kuma na ajiye rakoda gaban dattawa. Da dare na zauna haɗa biyun, sai ga baki na motsi daban, murya na tafiya daban. Na yi ta ja ina mayarwa har na gaji na tura haka nan. Washegari wani ya rubuto a WhatsApp cewa an ɗora wa ma'aji maganar da bai faɗa ba, kuma shi ya dakatar da nasa kuɗin.

Laifina ne, domin an koya mana maganin wannan tun a makarantar jarida: tafi ɗaya. Masu fim suna da ɗan allon nan mai baki biyu da ake bugawa "ƙwas" kafin a fara ɗauka, tun zamanin da fim ya soma magana. Wanda ba shi da allo, tafin hannunsa ya isa. Idan duk na'urori na aiki aka tafa gaban kyamara, ƙarar kan fito kamar tsini ɗaya dogo a zanen murya na CapCut ko Audacity. Ka daidaita tsinin rakoda da lokacin da hannuwa suka haɗu a hoto, an gama. Sai dai a tafa kusa da rakodar. Sauti na gudun mita 340 a daƙiƙa, bidiyo kuma hoto 25 ne a daƙiƙa, wato tazarar mita 14 kawai ta isa ta jinkirta murya da hoto guda. In taron ya yi tsawo a sake tafawa a ƙarshe, don agogon cikin salula da na rakoda ba sa tafiya daidai sak.

Tafin kaɗai bai isa ba. Ina ganin ya kamata mai ɗauka ya fara faɗa da babbar murya: ga rana, ga wuri, ga ƙarfe kaza agogon Nijar. Iyayenmu sun san amfanin lokacin da kunne ke ji. Da ƙarar nan shida ta BBC, wadda aka fara watsawa ranar 5 ga Fabrairu 1924, mutane da yawa suke saita agogo: biyar gajeru, farkon ta shida mai tsawo shi ne cikar awa. Amma mai sauraro ta intanet kada ya dogara da ita, tana iso masa a makare da daƙiƙoƙi.

Kalmar "agogon Nijar" ɗin ma ba ado ba ce. Mu da Najeriya da Aljeriya agogonmu ɗaya, Libiya na gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu, Abijan da Akra na baya da awa ɗaya. Faransa kuwa daidai take da mu lokacin sanyi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ta wuce mu da awa ɗaya. "Bayan la'asar" a gayyatar taro, la'asar ɗin wa?

Wani abokin aiki daga Tasawa ya ce mini tafawa gaban hakimi ko limami rashin kunya ne. Yana da gaskiya. Sai a nemi izini, a yi shi kafin addu'ar buɗewa, ko a buga tebur da makulli inda kyamara ke gani. Na kuma yarda wannan ba zai hana maƙaryaci yanka bidiyo ba. Abin da yake bayarwa shi ne faifai biyu masu mafari ɗaya, da kowa zai iya jerawa ya gwada in gardama ta tashi.

Kwamitin famfon zai sake zama bayan girbi, kuma ma'ajin ya ce da kansa zai faɗi ranar ya tafa.