Ruwan Birni A Gonarmu Yake Kwana

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya yi yaranci a cikin birnin Kano ya san kududdufi. Kakanninmu sun haƙa su ne garin ɗiban ƙasar gina gidaje da ganuwa. Da damina ta faɗi sai ramukan nan su cika, su riƙe ruwan unguwa har ya tsotse a hankali. Bature matafiyi Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya tarar da Jakara kanta babban tafki ce a tsakiyar gari, kusa da Kasuwar Kurmi.

Yau fa? Da yawan kududdufan nan an cike su da shara da ƙasa, an yi gidaje da shaguna a kai. Ba mu ga laifin mai neman wurin kwana ba, gama birni ya cika. Amma ruwan sama bai ragu ba don an hana shi masauki. Yana sauka a kan kwano da siminti, ya bi lambatu a guje ya faɗa Jakara. Ita kuma ta haɗu da Getsi, wadda ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su gangara zuwa dam ɗin Wasai a ƙasar Minjibir. A bakin hanyar nan ne lambunanmu suke, da latas da kabeji da tumatir da muke kai wa birnin.

Wani zai ce ai ambaliya abin mutanen Haɗeja ne. A tambayi dattawan da suka ga watan Agusta na 1988, sa'ad da ruwa ya yi ta zuba a Kano, gidajen ƙasa suka yi ta rushewa, dam ɗin Bagauda ya fashe. A 2001 kuma ruwa ya ci ƙauyuka a Wudil da Warawa. A watan Satumba na 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri da dare mutane suna barci. Babu wanda aka aika wa takarda tukuna.

Abin da ya dame mu shi ne, ƙungiyoyinmu na gama kai sun iya shirin fari, gama yunwar 1973 da ta 1984 sun koya mana ajiya. Shirin ruwa ne ba mu da shi. Mun ga sito da aka gina a kwari domin filin ya fi araha, buhunan taki a ƙasa ba ko katako a ƙarƙashinsu. Taki kuwa in ya jiƙe ya tafi, bashinsa yana nan. Irin shuka ma haka. Manomin da ruwa ya ci gonarsa zai sake shuka in irinsa ya tsira. In iri ya tafi, sai ya je wurin mai ba da bashi a watan da hatsi ya fi tsada.

To, kada mu jira gwamnati a kan abin da ke hannunmu. Kafin ruwan farko, kowace ƙungiya ta duba sitonta. In yana kwari a kwashe iri da taki a kai tudu, ko da aron ɗaki ne. Injin ban ruwa kada ya kwana a bakin rafi daga Yuli zuwa Satumba. Kusan kowannenmu yana da ɗan'uwa a Kurmi ko Fagge. A zaɓi mutum ɗaya wanda zai buga waya in an yi ruwa mai ƙarfi a birni, ko da tsakar dare ne, a kuma san wanda zai ta da maƙwabta.

Sauran maganar ta hukuma ce. Shugabannin ƙungiyoyi su haɗu su je majalisar ƙaramar hukuma tare, su roƙi a yashe magudanai kafin Yuni, a kuma kai kukanmu birni domin a bar kududdufan da suka rage.