Ba Rashin Bangaskiya Ne Ya Raba Su Da Jibia Ba

Wata magana tana yawo a tarurrukan dattawa, wai membobin da suka bar Jibia zuwa Katsina, Kano ko Abuja sun yi sanyi cikin bangaskiya, sun watsar da aikin Ubangiji. Ba mu yarda da wannan magana ba.

Jibia gari ne mai ci daga iyaka. Hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta bi ta Magama ta shiga Ɗan Issa, a kanta kuwa direba da ɗan dako da bakanike da mai sayar da abinci suke samun na tuwo. A watan Agusta 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamba ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, Jibia ta zauna a rufe sai Afrilu 2022. Mutane ba su gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar a Yuli 2023, aka sake rufewa har Maris 2024.

Yawancin membobinmu 'yan haya ne, ba su da gona a garin. Mai gona yakan daure ya jira damina. Ɗan haya kuwa, ran da mota ta daina wucewa, kuɗin ɗaki da na makarantar yara ba sa jiransa. Ina laifinsa in ya kwashe iyali ya bi aiki? Yunwa ce ta fitar da Na'omi daga Baitalami zuwa Mowab, labarin abinci kuma ya komo da ita.

Abin kunyar namu ne. Mun lura baiko ya ragu tun kafin mu lura da wanda ya daina zuwa sujada. Mutum nawa muka sallama da addu'a da takardar shaida zuwa ikkilisiyar da za ta karɓe shi?

Saboda haka muna kira ga dattawa: a rubuta sunayen waɗanda suka tashi, a neme su, a haɗa su da fastocin inda suka sauka. Ikkilisiyoyin birni su taimaka musu da masauki da neman aiki kafin su tambaye su zakka. Zumuntar mata da ta matasa su duba iyalan da maigida ya tafi ya bari. Makiyayi ba ya zagin tunkiyar da ta bi ciyawa, bin sawunta yake yi.

Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.