Zancen Mota: Sabon Aksul A Tsohuwar A-Kori-Kura

Zuwa ga Edita,

 Ga ni yau kuma na dawo ɗan filin nan da ka saba ba ni.

Wani akawu ya aiko mini da takarda daga Gusau. Ya ce yana da tsohuwar a-kori-kura wadda aksul ɗinta na baya ya dame shi da lalacewa, an kuwa ba shi shawara ya cire shi ɗungum ya sa na wata mota wadda ta fi tasa sabunta. Yana tambaya ko wannan dabara ce ko kuwa ɓarnar kuɗi. To, ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya taɓa bin hanyar. Amsata a taƙaice ita ce, dabara ce ta ƙwarai in an ƙirga kafin a biya. Ga labarin yadda na koyi haka.

Da farko bari in fassara abin domin malaman da ba su taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba. Inji yana juya giya, giya tana juya wani dogon ƙarfe da makanikai ke kira farfela, ita kuwa farfela ta shiga wani kumburi mai kama da tulu a tsakiyar aksul. A cikin tulun nan akwai wani ƙaramin kai mai haƙora wanda ke cizon wani babban faifai, shi ma mai haƙora. Daga nan sanduna biyu na ƙarfe suka fita, ɗaya dama ɗaya hagun, su ne ke juya ƙafafun mota. Yawan haƙoran faifai bisa na ƙaramin kan shi ke yanka ko sau nawa farfela za ta juya kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan, gama a nan maganar ta ke.

Motata Land Rover ce ƙirar 1966, na gāje ta wurin mahaifina, shi kuwa a gwanjo ya saye ta. An fara nuna irin motocin nan ga jama'a a 1948, a Solihull ta ƙasar Ingila aka riƙa ƙera su, jikinsu na alminiyam ne, shi ya sa har yanzu tsatsa ba ta cinye su ba. Akwai gajera, wadda tsakanin ƙafarta ta gaba da ta baya inci 88 ne, akwai doguwa mai inci 109. Tawa doguwa ce, mai buɗaɗɗen baya. Kayan da aka yi ta domin ta ɗauka kimanin kashi uku cikin huɗu na tan ne, watau buhu bakwai ko takwas na kilo ɗari-ɗari.

Da kakar 2021 na ɗora mata buhu goma sha huɗu na dawa, rabi nawa rabi na maƙwabta, muka nufi kasuwa. A wani mashigin rafi mai yashi ƙafafun baya suka nutse. Na taka mai da ƙarfi, ƙafa ta yi ta juyawa a banza, sa'an nan ta kama ƙasa mai tauri gaba ɗaya, sai muka ji ƙas! Inji yana ta kuka, mota ko motsi. Sandar dama ta karye. Muka sauke buhunan nan ɗaya ɗaya a bakin rafi, aka kwance farfelar baya, aka danna ƙullin nan rawaya mai sa ƙafafun gaba su ja, muka lallaɓo gida da ƙafa biyu kamar gurgu. Kasuwa ta ci ta watse ba mu je ba, dawar mutane ta kwana a daji da mai gadi. Wannan shi ne karo na biyu cikin shekara guda. Ba na ɗora wa maƙera laifi, gama ni na ninka mata kaya.

Akwai wani tsohon bakanike a garinmu wanda ya tsufa cikin gyaran irin motocin nan. Na kai masa kuka, ya ce, "Malam, sandunan motarka sirara ne, tsaga goma ke gare su a kai. Amma tun daga zubi na uku, wanda ya fito a 1971, dogayen suna zuwa da wani aksul mai suna Salisbury. Sandunansa sun fi kauri, tsagarsu ashirin da huɗu ce, ba safai a kan ji sun karye ba. In ka samo shi zai zauna a mazaunin naka. Amma kada ka biya sai na gani."

Na ji farkon maganar, na manta ƙarshenta. Da rani ya shigo, a 2022, na tafi wata kasuwar tsofaffin ƙarafa a birni ni kaɗai. Na tarad da Salisbury guda biyu wurin wani dillali. Ɗaya ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai da laka. Ɗayan kuwa tsaf da shi, fentinsa ma bai gama gogewa ba, mai shi ya ce a cikin kayan da aka sauko da su daga jirgin ruwa ya same shi. Na auna faɗinsa da igiya, daidai da nawa. Na auna tsakanin mazaunan sifirin, daidai. Ƙofofin kusoshin ƙafa biyar ne, kamar nawa. Na ce a raina me ya rage? Na ba da kafin alƙalami mai kauri, na komo gida ina murna.

Kashegari na ɗauki dattijon nan muka tafi tare don a ɗauko kaya. Da ya ga aksul ɗin bai ce uffan ba. Ya sa yara suka ɗora shi bisa itace biyu, ya zaro ɗan guntun alli daga aljihu, ya yi zane ɗaya a gangar birki, ɗaya a bakin da farfela ke kamawa. Ya sa yaro guda ya riƙe ƙafar hagun kada ta motsa, ya ce wa wani ya juya ta dama sau biyu cif, a hankali. Shi kuwa ya tsuguna yana ƙirga juyin bakin farfela. Ya ƙirga uku da rabi, ƙafa ta cika juyinta biyu. Ya sa aka sāke, uku da rabi har wa yau. Sai ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Malam, wannan ba na motarka ba ne."

Na ce, "Haba Baba, ai na auna kome da kome."

Ya ce, "Ka auna abin da ido ke gani. Na motarka huɗu ne da kashi bakwai cikin goma, gaba da baya. Wannan uku da rabi ne."

Ga bayanin abin, yadda na fahimce shi daga baya. A motata faifan yana da haƙora 47, ƙaramin kai yana da 10, watau farfela ta juya sau 4.7 ƙafa ta juya sau ɗaya. Amma a 1979 an fito da wata doguwar Land Rover mai babban inji, silinda takwas, wadda aksul ɗinta a ido ba shi da bambanci da na sauran, sai dai haƙoransa 46 ne bisa 13, watau 3.54. Shi na kusa saye. Motar kuwa irin tawa aksul biyu gare ta masu ja, na gaba da na baya. In aka danna ƙulli rawaya, ko aka ja jar sandar nan ta ƙaramar giya, farfelar gaba da ta baya su kan ɗaure wuri guda, su riƙa juyawa daidai wa daida, babu abin da zai sassauta tsakaninsu. Da na sa wancan aksul, duk sa'ad da ƙafafun gaba suka juya sau uku, na baya sai su nemi juyawa sau huɗu. Kamar a haɗa doki da jaki a karkiya ɗaya ke nan. Ko dai taya ta yi ta gurzar ƙasa, ko kuwa wani ƙarfe ya karye a ciki, wanda ya fi rauni shi zai fara.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ɓarnar ba ta nuna kanta da wuri. A kan kwalta, inda ƙafafun baya kaɗai ke ja, da sai in ga mota ta ƙara gudu, inji ya rage kuka, in yi ta yabon kaina. Agogon gudu zai nuna 45 alhali kuwa 60 a ke yi, domin daga giya ya ke ɗaukar lissafinsa, bai san an sāke haƙora a baya ba. Ƙarfin ja kuma zai ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, a ji shi a hawan tudu da kaya. Sai ranar da aka kafe cikin laka da damina, nesa da gari, aka danna ƙullin nan don neman ceto, ran nan ne asiri zai tonu. Wanda ya riga ya sayi irin wannan, maganinsa sai ya sāke haƙoran gaba su ma su zama 3.54, ya kuma haƙura da raguwar ƙarfi. Injin motata ƙarami ne, silinda huɗu, lita biyu da kwata, aikinta kuwa dakon hatsi ne a hanyar ƙauye, saboda haka wannan bai dace da ni ba.

Dattijo ya juya ga baƙin nan mai laka, ya yi masa gwajin alli, ya fito huɗu da kashi bakwai. Ya buɗe murfin tulun ya duba haƙora, ba wanda ya ɓantare, man ciki kuma ba garin ƙarfe. Shi muka ɗauka. Dillali ya ce ciniki ya riga ya faɗa a kan na fari, sai da aka yi ta jayayya kāna ya yarda ya musanya, ya ci rabin kafin alƙalamina. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, gama bai ce mini kome na ƙarya ba, ni ne ban tambaya ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Aikin sawa ya ci mana kwana uku. Tulun Salisbury ya fi na dā tsawon baki, saboda haka tsohuwar farfela ta yi tsawo, sai da muka nemo gajera ta zubi na uku. Bututunsa ya fi kauri, sai aka sayi sababbin kusoshin nan masu lanƙwasa da ke ɗaure aksul da sifirin, gama ba a amince wa tsofaffi a wurin nan. Notocin ƙafa ma nasa dabam ne. Birki kuwa dattijo bai yarda a taɓa hanya ba sai da aka sāke robobinsa da bututun mansa, aka fitar da iska sarai. Aka zuba man giya mai lamba 90, aka share 'yar ƙofar numfashi da ke bisa bututu, domin in ta toshe mai ya kan tsattsafo ya jiƙa birki. Duk aikin nan mota tana bisa kututture masu ƙarfi, ba a bar ta bisa jak kaɗai mutum yana kwance a ƙarƙashi ba. Bayan tafiyar mako guda aka sāke ɗaure kusoshi.

Wanda motarsa gajera ce, mai inci 88, ya sani mazaunan sifirin na doguwa ba su faɗa daidai da nasa ba, sai mai walda ya yanke su ya matsar. Aksul na motocin da suka fito daga 1983 kuwa ya fi faɗi, sifirinsa kuma naɗaɗɗe ne, wannan aiki ne babba dabam.

Kada kuma a ce riba ce zalla. Salisbury ya fi nauyi, tulunsa ya fi kusa da ƙasa, a hanya mai zurfin sawu shi ke fara dungurar tudun tsakiya. In cikinsa ya lalace, gyaransa ya fi wuya a ƙauye, gama na dā a kan kwance notoci a zaro cikin gaba ɗaya, wannan kuwa ya kan nemi kayan aiki na musamman. Ran da muka gama, dattijo ya kira ni gefe ya ce, "Malam, dā in ka yi wa motar nan zalunci sanda ce ke karyewa, ita ce mai araha, a gindin itace ma a sāke ta. Yanzu sanda ta fi ƙarfinka. In ka koma ɗora goma sha huɗu, giya ce za ta biya bashin, kuɗinta kuwa ka san ba ɗaya ba ne." Tun daga ran nan buhu takwas na ke ɗora mata, in kaya sun yi yawa in yi sawu biyu. Har yau ba ta sāke kwana a daji ba.

To, ɗan'uwana na Gusau, ban san irin motarka ba, amma ko wace iri ce, kafin ka ba da ko sisi ka auna faɗi, ka auna mazaunan sifirin, ka gwada ƙafarka a kan kusoshinsa, ka duba birkinsa, sa'an nan ka sa a yi gwajin alli a gabanka, a naka da wanda za ka saya. In motarka mai ja da ƙafa huɗu ce, lalle ne gaba da baya su zama ɗaya. In mai ja da baya kaɗai ce, kana da zaɓi, amma ka sani duk gudun da ka ƙara daga ƙarfin ja ka cire shi. Ka tafi da tsohon bakanike, ka biya masa kuɗin mota da na goro, ya fi maka araha.

Malaman makaranta kuma ina da roƙo gare ku. Dattijon nan bai taɓa zama a aji ba, amma lissafin da ya yi da guntun alli shi ne wanda ni na karanta na ci jarrabawarsa, na kuwa kasa gane shi da ya zo mini cikin rigar ƙarfe. Ga aiki ku ba 'yan babban aji: in farfela ta juya sau 470, ƙafa mai haƙora 47 bisa 10 za ta juya sau 100. Ƙafa mai haƙora 46 bisa 13 fa, sau nawa za ta juya? Wanda ya samo ya aiko ta hannun Edita, zan faɗi amsa mako mai zuwa in Allah ya kai mu, sa'ad da za mu yi zancen birki.

Allah ya kiyaye mu da sharrin hanya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Mai Tsohuwar Mota.