Dokar da aka yi da gaggawa, da gaggawa ake rushe ta

Jama'ar Gaya da Ajingi, don Allah mu ajiye jam'iyya gefe mu yi lissafi.

A Mayun 2019, cikin 'yan kwanaki majalisar dokokin Kano ta ƙirƙiro masarautun Gaya, Rano, Ƙaraye da Bichi, Gwamna Ganduje ya sa hannu ranar 8 ga wata. A Nuwamba babbar kotun jiha ta soke dokar saboda ba a bi ƙa'ida ba. A Disamba aka sake yin ta. Ranar 23 ga Mayun 2024 sabuwar majalisa ta rushe ta, Gwamna Abba ya sa hannu a ranar. A Yuli aka dawo mana da masarautar Gaya mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku: Gaya, Ajingi da Albasu.

Shekara biyar, doka aƙalla huɗu kan masarauta ɗaya! Sauri ya haifi nawa kenan. To a duk ciki, wane manomi ko ɗan kasuwa aka tambaya?

Ni ba maganar wa ya dace da sarauta nake ba. Maganar hanya nake. Karatu uku da ake yi wa ƙudiri, da miƙa shi ga kwamiti, an tanade su ne don a tsaya a duba. Amma da zarar gwamna na so, sai wani ya miƙe ya ce a jingine ƙa'idojin zaure, a amsa da baki, shikenan. Ko a Abuja haka aka dawo da tsohon taken ƙasa a Mayun 2024.

Abin da nake gani ya kamata:

1. Gaggawa ta tsaya ga ambaliya, annoba da tsaro. Sarauta, cin bashi da haraji su bi layi.
2. Jingine ƙa'ida sai da kashi biyu bisa uku na mambobi 40, kuma a rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa.
3. Dokar da ta shafi wani yanki, a je can a yi zaman jin bahasi.
4. Dokar gaggawa ta faɗi da kanta bayan wata shida, sai in an sake muhawara.

Wanda ya yi tafi a 2019 ya yi kuka a 2024. Mai tafin yau ma ya tuna mulki juyi ne.

Ku tambayi 'yan majalisarmu ko za su kai wannan gyara zaure. Allah Ya sa mu dace.