Wanda Ya Goge Jirgi Ya Yi Shiru



A ranar 26 ga Disamba, 2005, wani jirgin Alaska Airlines ya tashi daga birnin Seattle na Amurka zuwa Burbank. Ya kai tsayin ƙafa 26,000 sai aka ji ƙara mai ƙarfi, iskar cikin jirgin ta fara ficewa, robobin shaƙar iska suka zubo a gaban fasinjoji. Matuƙan suka sauko da sauri, suka koma Seattle, Allah ya sa ba a rasa rai ba. Da aka duba, sai ga rami mai tsawon kusan ƙafa ɗaya a jikin jirgin. Ashe kafin tashi, wani ma'aikaci ya goge jirgin da motar ɗaukar kaya, bai faɗa wa kowa ba.

A ƙasa, wannan lotsewar ba ta da wani girma. Amma fatar jirgi sirara ce, kuma idan ya hau sama ana cika cikinsa da iska domin mutane su iya numfashi. Iskar tana tura bango daga ciki, inda duk akwai rauni nan za ta ɓarke. Wani lokaci ma raunin yakan jira shekaru. A 1978 wutsiyar wani jirgin Japan Airlines ta bugi ƙasa wajen sauka a Osaka, aka yi masa gyaran da bai cika ƙa'ida ba, aka rufe. Ya yi ta tashi har shekara bakwai. Ranar 12 ga Agusta, 1985, wurin gyaran ya fashe a sama, mutum 520 suka mutu, huɗu kaɗai suka tsira.

Da sauƙi mu zargi ma'aikacin Seattle. Amma mu tambayi kanmu, me ke sa mutum ya yi shiru? Tsoro ne: tsoron kora, tsoron kunya. Masu harkar jiragen sama sun gane haka tun da daɗewa. Tun 1976 hukumar NASA take karɓar rahoton kuskure a asirce daga matuƙa, kanikawa da sauran ma'aikata. Ana cire sunan mai rahoto, kuma wanda ya kai kansa da wuri yana iya samun sassauci, muddin ba da gangan ya yi ba. Sun lura cewa idan aka hukunta duk wanda ya faɗi kuskurensa, kuskure ba ya ƙarewa, faɗarsa ce ke ƙarewa.

Ra'ayinmu shi ne, a wannan fanni filin jirgi ya fi yawancin zumuntarmu kama da bishara. Wani ya ƙona lasifikar coci, ya mayar da ita wurinta ya yi gum, sai ran Lahadi mawaƙa su sha kunya. Ma'aji ya taɓa kuɗin baiko da niyyar mayarwa, rami yana ta faɗi, ya kasa buɗe baki. 'Yar'uwa ta faɗi cikin zunubi, ta gwammace ta daina zuwa sujada da ta zama abin gulma. Sun yi laifi, gaskiya ne. Amma mu ma muna da namu, domin sun ga yadda muka yi da na baya da ya furta.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki ɓoye laifi da wasa ba. A Joshuwa sura 7, Akan ya binne abin da ya sata a cikin alfarwarsa, mutum talatin da shida suka mutu a Ai waɗanda ba su san komai ba. Fasinjojin jirgi ke nan. Karin Magana 28:13 da 1 Yohanna 1:9 kuwa sun nuna mana ɗaya hanyar: jinƙai yana jiran mai furtawa ya kuma rabu da laifin.

Wani zai ce, idan muka sassauta, ba za a raina horon ikkilisiya ba? Ba mu ce a soke horo ba. Wanda ya lalata kaya ya gyara, wanda ya ci kuɗi ya biya. Abin da muke roƙo shi ne a bambanta wanda ya kawo kansa da wanda aka kama, a kuma tsare asirinsa. Shugabannin matasa, fasto da dattawa, kalmarku ta fari ga mai furtawa ita ce za ta sa na gaba ya zo ko ya ɓuya.

Kai kuma da ka san ka goge wani abu, kada ka jira a tashi sama. Nemi wanda ka amince da shi cikin makon nan, ka faɗa tun jirgin yana ƙasa.

Ya Ubangiji, ka ba mu ƙarfin hali mu furta, ka ba mu zuciyar karɓar masu furtawa. Cikin sunan Yesu, Amin.