Batirin sigarin laturoni: Haɗarin da babu mai sa masa ido a kasuwannin Katsina

Duk lokacin da aka tayar da zancen sigarin laturoni, wanda matasa suka fi sani da vape, muhawarar kan tsaya ne a kan tarbiyya da illar sinadarin nikotin. Malamai da iyaye na da hujjarsu, likitoci ma haka. Sai dai akwai wani sashe na na'urar da ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne ke iya raunata mutum cikin ƙiftawar ido, wato batirin lithiyam da ke cikinta. A birni irin Katsina, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, kuma jama'a da dama suka dogara ga janareta da shagunan masu cajin waya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Manyan na'urorin da ake cire wa batir galibi suna amfani da samfurin da ake kira 18650. Sunan ma'auninsa ne: kaurin milimita 18, tsawon milimita 65. Shi ne dai batirin da ke cikin tocila mai caji, da fankar sola, da tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka. Wannan kamanni shi ne tushen matsalar, domin a ido duk ɗaya suke, amma aikinsu ya sha bamban.

Lambobi biyu ne ke bayyana batir. Ta farko ita ce mAh, yawan wutar da yake iya adanawa. Ta biyu ita ce amfiya, ƙarfin wutar da yake iya fitarwa a jere ba tare da ya yi zafi fiye da kima ba. Mai saye ya fi kallon ta farko, saboda yana son batirin da zai kai shi dare. Amma ta biyun ce ke tsare masa lafiya, kuma a ƙa'idar ƙira, idan ɗaya ta hau ɗayar sauka take yi. Samsung 25R, alal misali, yana ɗaukar mAh 2,500 kuma yana jure amfiya 20. Ɗan'uwansa 30Q yana ɗaukar 3,000 amma amfiya 15 aka ƙayyade masa. Panasonic NCR18650B, wanda aka saba samu a kayan da ba sa jan wuta da yawa, ya kai 3,400, sai dai ko amfiya 7 ba a yarda a ɗora masa ba. To, na'urar da aka saita a wat 60 da batir guda tana jan kusan amfiya 16 lokacin da batirin ke kan bolt 3.7, kuma abin kan kai wajen 19 idan caji ya yi ƙasa. Wanda ya zura batirin tocila a irin wannan na'ura ya ɗora wa jaki kayan raƙumi, kuma a daf da bakinsa.

Ko wanda ya san wannan lissafi bai tsira ba, domin lissafin ya dogara ne ga gaskiyar abin da aka rubuta a jikin batirin. Ainihin 18650 daga kamfanonin da aka sani, irin su Samsung da LG da Panasonic da Murata da Molicel, bai cika wuce mAh 3,500 zuwa 3,600 ba. Duk da haka, ba abin mamaki ba ne a ga wanda aka buga wa 6,800 ko 9,900 a teburin masu kayan lantarki. Ƙarya ce tsagwaronta. Wasu an cire su ne daga matattun batiran kwamfuta aka sake musu sabuwar riga ta leda. Wasu kuma cikinsu kusan fayau ne. Na gaskiya kan yi nauyin giram 45 ko sama da haka kaɗan, jabun kuwa sau da yawa hannu ma yana jin rashin nauyinsa. Ba lallai ne mai shagon ya san haka ba. Shi ma saro su ya yi a haka, daga Kano ko Legas.

Abin da ke faruwa idan batirin ya gaza sananne ne a ƙasashen da ke tattara alƙaluma. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta lissafa fashewa ko kamawar wuta 195 tsakanin 2009 da 2016, da suka jikkata mutum 133, kuma 38 daga cikinsu raunin ya yi tsanani. Wani bincike da mujallar Tobacco Control ta wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum 2,035 ne suka je sashen gaggawa na asibitocin ƙasar da irin wannan rauni daga 2015 zuwa 2017. A watan Mayun 2018 wani mutum ya rasa ransa a jihar Florida bayan na'urarsa ta tarwatse. Siffar na'urar ce ke ƙara munin abin: batir ne a cikin bututun ƙarfe, idan iskar gas ta taru ba ta da mafita sai ta harba murfin. Da yawa daga cikin fashewar ma a aljihu suka auku, inda tsirara batir ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi. A Janairun 2021 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka ta gargaɗi jama'a da su daina sayen 18650 ɗai-ɗai, domin tun asali an ƙera shi ne don a haɗa shi cikin kunshi mai na'urar kariya.

Yanayinmu kuma ƙari ne a kan wannan. Masu ƙera batirin lithiyam sun ƙayyade cewa kada a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45. Motar da aka rufe a rana a Ƙofar Ƙaura da azahar kan zarce haka nesa ba kusa ba, haka ma rumfar kwano da aka jera caja hamsin a kan allo guda. Batirin da ledarsa ta yage, ko ya lotsa, ko ya fara zafi a hannu, ya gama aiki. Wanda ya nace sai ya yi amfani da na'urar, mafi ƙarancin abin da zai yi wa kansa shi ne ya duba amfiya kafin mAh, ya ajiye batir a ƙaramin akwatin roba, kada kuma ya bar shi a caji ya kwanta barci. Maniyyata da ke tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa su sani cewa dokar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana saka sigarin laturoni a jakar da za a auna a kai ƙarƙashin jirgi.

Tambayar ita ce, aikin wa ne ya tsare mai saye? Dokar taƙaita shan taba ta 2015 da ƙa'idojinta na 2019 an tsara su ne da sigari da ganyen taba a zuciya, ba batir ba. Ingancin kayan lantarki da ake shigowa da su aikin hukumar SON ne ta tsarinta na SONCAP. Rubutun ƙarya a jikin kaya hurumin FCCPC ne, hukumar da a Disamban 2023 ta sanar da cin tarar kamfanin British American Tobacco dala miliyan 110, abin da ya nuna tana da haƙora idan ta so. Mataccen batir kuma na NESREA ne, wadda ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024. Hukumomi sun wadata a takarda. Amma batirin da aka sayar ta WhatsApp, aka kai wa ɗalibi a ɗakin kwanansa a kan babur, bai bi ta gaban ko ɗaya daga cikinsu ba.

Haramci kaɗai ba zai cike wannan giɓi ba. Kano ta hana shan shisha a wuraren shaƙatawa a 2021, kuma irin wannan mataki na iya rufe shago, sai dai yakan mayar da cinikin ɓoye, inda wanda ya ƙone cinya zai ji kunyar faɗa wa likita gaskiyar abin da ya same shi. A ganina abin da ya fi sauƙi ga gwamnatin Katsina shi ne ta nemi ofishin SON ya auna batiran da ke Babbar Kasuwa, a kwashe masu lambobin ƙarya, sannan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya su riƙa rubuta ƙunar batir a matsayin rukuni na daban. Amfanin hakan zai kai har ga uwar gidan da ba ta taɓa ganin vape ba amma take kwana da fankar sola kusa da 'ya'yanta.

Sauran ƙananan na'urorin da ake sha a yar, su ma kowace na ɗauke da batirin lithiyam. A Birtaniya an ƙiyasta ana zubar da miliyan 5 a kowane mako a 2023, kuma ƙasar ta haramta sayar da su daga 1 ga Yunin 2025, bisa dalilan da suka haɗa da gobara a motocin shara. A nan, juji ake cinna wa wuta da yamma, kuma yara 'yan jari-bola ne ke tsaye a gefensa suna jiran ƙarfe.